Amalanken da Ya Fitar da Kaka

Ranar wata Talata da hantsi, kwana tara bayan alhazai sun watse, a shekarar da na maimaita aji uku, Baba ya sa ni da ƙanena Hamza muka zubar da ruwa garwa shida a ƙasa. Ba wanka aka yi da shi ba, ba wanki ba. Kwarara shi muka yi a ɗan filin ƙofar gidanmu a Tandabawi, mata na leƙowa ta taga suna salati. Wanda bai tashi a Makka ta wancan lokaci ba, ba zai gane girman laifin ba. Daga bazan muka ɗebo ruwan nan, wato famfon unguwa da ke can gangare, inda ake bin layi ana zagin juna da harshe uku, kuma kowace garwa sai da ta ci mini fatar kafaɗa kafin ta iso. Umma ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "Malam, ƙasar ce ta gaya maka tana jin ƙishi?" Baba ya shiga tsohuwar jif ɗinsa, wadda ya harhaɗa daga gawar motoci uku, ya ja ta a hankali ta kan laka, amalanken da ya kwashe mako uku yana waldawa na biye da ita. Ya sauko ya tsuguna. Sawu huɗu ne a kan lakar. Tayoyin amalanke sun fita daga sawun mota da yatsu huɗu ta kowane gefe. Ya ce, "Bai yi ba." Kafin azahar ya kwance sandar tayoyin ya mayar da ita wuta.

Dalilin wannan ɓarna tana kwance a ɗakin ƙurya. Kaka ce, mahaifiyar Baba. Tana budurwar amarya ta baro ƙasar Kano a ƙafa, ta yi shekara bakwai a hanya, tana noma gonar mutane da cirar auduga don a ci a ƙara gaba, kuma a hanyar nan ta haifi Baba. Matar da ta taka duk wannan ƙasa, sai ga shi ƙafafu sun ƙi ta. Shekara huɗu ba ta ga komai ba sai rufin kwano da bangon maƙwabta. Ni ne mijinta na wasa, ni ke kai mata kunu, ni ke kwashe kwano, ita kuma tana ce mini angon da ba ya iya lissafin jam'i da ragi. Wata rana da aka yi yayyafi ta sa na buɗe mata ƙofa, ta shaƙi iskar, sannan ta ce wa Baba, "Audu, ina son in ga inda ƙasa ta haɗu da sama kafin a rufe ni da ita." Sau ɗaya ta faɗa. Washegari Baba ya fara tara ƙarafa.

Unguwa ta tashi a kanmu. Aka ce Audu mai walda zai kashe uwarsa. Aka ce fita barr, wato jeji, aikin Larabawan ƙauye ne masu raƙuma, mu Takari namu shi ne daga gida sai Harami, sai Mina in lokacinta ya yi. A makaranta yara suka riƙa tambayata ranar jana'iza. Na fasa wa ɗaya baki a kan haka, malami ya ba ni bulala goma a tafin ƙafa, na dawo gida ina tafiya kamar agwagwa, Kaka ta yi dariya har ta sarƙe. Ko wasan gare da muke yi da yamma ya canja. Duk wanda ya ƙera motar waya da gwangwanin kifi sai ya ɗaura mata akwatin ashana a baya, ya sa tsakuwa a ciki ya ce ga kakar Sale nan. Sale ni ne. Daga baya ni ma na ƙera tawa, ta fi ta kowa, na daina faɗa.

Baffa Isa, yayan Baba, da ya ga ba za a fasa ba, sai ya ce to a yi abin da mutunci. Ya samo wani katafaren akwati mai taya da wani kamfanin gini ya yar, mai rufi da tagogi biyu da fenti kore. Mutum goma suka turo shi har ƙofar gida. Mu yara muka ruɗe, Umma ma ta shiga ta zauna ta ce wannan ai ya fi ɗakinta. Baba ya zagaya shi sau ɗaya, ya karɓi garwa daga hannuna ya tura ta ƙarƙashinsa a tsaye. Ta ƙi shiga. Ya ce, "Yaya, abin da garwa ba ta wuce ba, dutse ba zai wuce ba." Sannan ya yi bayanin da ban taɓa jin ya yi mai tsawonsa ba. Ya ce a rairayi mota ce ke danne hanya, in abin da take ja ya bi sawunta, tafiya ɗaya aka yi. In ya fi ta faɗi, sai ya riƙa huɗa tasa sabuwar kunya kamar garma, motar ta gaji ta nutse. Baffa ya ce to ai ba tsere za a je ba. Baba ya ce Inna ce za ta kwanta a ciki, kuma ba zai tsaya yana haƙa a rana tana gasuwa ba. Wata biyu Baffa bai ci abincin gidanmu ba. Akwatin kuwa tattabaru suka gada.

Karo na biyu da muka zubar da ruwa, garwa huɗu ta isa, don na koyi yayyafawa. Sawu biyu suka fito, tsaf. Amalanken kansa ba shi da kyan gani. Tayoyinsa irin na jif ɗin ne sak, don in ɗaya ta fashe, ta ajiya guda ta wadaci kowa. Maɗaurinsa zobe ne a cikin ƙugiya, yana juyawa ko'ina, ta yadda in mota ta karkata a kan dutse ba za ta murɗe shi ba. Durom ɗin ruwa yana kwance ƙasa-ƙasa daidai kan tayoyi, gadon igiya na Kaka a kansa, rumfa kuma ta wani yagaggen tanti ce da alhazai suka bari a Mina, Umma ta ɗinke shi tana mita.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba muka fita, mu tara. Ni aka saka a amalanke tare da Kaka, wai in riƙe ta. Ita ta riƙe ni. A lokacin, da ka wuce Ka'akiyya gari ya ƙare, sai duwatsu baƙaƙe da awakin mutane. Inda kwalta ta tsaya Baba ya sauka ya rage iskar tayoyi shida, ya sa dabal, wato giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja tare, muka faɗa wani kwari mai rairayi. Na leƙa baya na ga layi biyu suna bin mu kamar an ja da tsinke. Sau ɗaya jif ta yi gurnani a wani tudun yashi, Kaka ta daki katakon gadon ta ce, "Haura mana, 'yar banza, ni na haura wanda ya fi wannan da ciki wata takwas." Ta haura.

Muka tsaya a gindin wata ƙaya. Baba da Umma suka ɗauko ta suka zaunar a ƙasa, ta ƙi tabarma. Ta tura hannu biyu cikin rairayi har wuyan hannu, ta daɗe tana duban nesa. Can ta hango wata tumfafiya a gefen dutse, mai faffaɗan ganye, irin wadda ta bari a bayan gidansu. Ta ƙura mata ido ta ce, "Ke ma Hajji kika zo kika maƙale?" Ranar ta ci tuwo malmala biyu. Ta koya mini sunan ciyawa biyar da Hausa, uku na manta. Da la'asar da aka ce a tafi, ta ce a ƙara mata kaɗan, aka ƙara. Wata biyar bayan nan ta rasu a ɗakinta. Masu cewa jejin ne ya kashe ta ba su fasa ba. Baba ya ce in haka ne jejin ya yi jinkiri ƙwarai.

Na kawo wannan dogon labari ne don 'ya'yana, waɗanda suka iya karanta komai ban da fuskar ubansu. Ni daga aji huɗu na gudu na shiga garejin Baba, rubutun nan ma da gilashi biyu nake yin sa. Su kuwa, Faisal injiniya ne, Huda tana ba da magani a asibiti. Bara da na ajiye aiki na ce zan sayi karafan, ɗakin kwana mai taya da mota ke ja, in riƙa fita jeji ni da uwarsu. Sai aka kira taro a falona, a kan kujeruna, ana shan shayina. Huda ta lissafo sukari da gwiwa da hawan jini kamar ita ta raba mini su. Faisal ya ce, "Ya Baba, halas, ya isa haka, ka huta mana. Ba mu mukullin a ajiye." Rabin maganar da Larabci, don Hausarsu ba ta ɗaukar faɗa. Na ce mukulli yana aljihuna, mai so ya zo ya ciro. Ba wanda ya taso.

Da suka ga haka sai suka sake dabara. Faisal ya kai ni wani wurin sayar da karafan, ya nuna mini wanda suka zaɓa: fari fat, dogo kamar masallacin unguwa, da na'urar sanyi da talabijin da wurin wanka mai madubi. Na gane wayon tun daga ƙofa. Abu ne da ba zai taɓa sauka daga kwalta ba. A kai ni wani fili mai shinge da fitilu a ajiye, in zauna ina kallon jeji a talabijin. Yaron shagon yana ta "ya ammi, ya ammi", wato baffa, yana buɗe durowa yana rufewa. Ni kuma na koma mota na ɗauko kayan aikina: tsohuwar garwar mai, da sandata wadda na yi wa tsaga daidai faɗin sawun motata. Na gwada sanda, ya fi motata da taƙi guda. Na tura garwa, ta tsaya a bakin ƙarfe. Na kwanta a ƙasa da farar rigata na leƙa cikinsa, na ga bututun ruwa na roba yana reto, dutsen farko zai tafi da shi. Tashi ne ya gagare ni, sai da mutum biyu suka ɗaga ni, wannan ban ɓoye ba. Faisal ya ce, "Ka gani ko?" Na ce na gani, bututun a waje yake.

Shago huɗu muka shiga, garwa na hannuna, Faisal na tafe nesa da ni kamar bai san ni ba. A na huɗun, can baya inda ba sa kunna fitila, na same shi. Gajere, launin ƙasa, rufinsa tanti ne mai naɗewa. Garwa ta wuce har da sarari. Sanda ta zauna daidai. Maɗaurinsa na juyawa ko'ina, tankin ruwa a kan tayoyi, ƙarƙashinsa an rufe da faranti na ƙarfe, sifirin ɗinsa, ƙarfen da ke ɗauke girgiza, irin na da ne mai ganye-ganye, wanda ko a ƙauye za a ɗaure da waya a iso gida. Na sa aka canja masa tayoyi zuwa irin na motata. Talabijin babu. Da aka kawo shi gida, Hajiya, uwarsu, wadda duk tsawon rigimar tana bayan 'ya'yanta, ta zo ta duba ta ce, "Abu Faisal, wannan ai akurkin kaji ne." Da na fito da safe na tarar ta riga ta sa tukunya da muciya a ciki.

Makon jiya muka fita. Ka'akiyya yanzu benaye ne da shagunan waya, sai da muka yi tafiya mai nisa kafin mu rabu da shinge da allunan sayar da fili. Tun daga gida na lura da wata baƙar mota mai sheƙi tana bin mu daga nesa. Inda kwalta ta ƙare na tsaya ina rage iskar taya, ita ma ta tsaya can baya, kamar ban san lambar motar ɗana ba. Na yi jinkiri da gangan. Na sha ruwa, na sake zagaya tayoyin, ko zai ƙaraso ya ce a matsa masa. Kujerar baya babu kowa a kanta. Bai ƙaraso ba. Da na sa dabal muka gangara, na gan shi a madubi ya fito ya tsaya a bakin kwalta, waya a hannu, iska na kaɗa rigarsa, yana ƙanƙancewa. Hajiya ta ce in tsaya. Na danna masa ham sau biyu na ci gaba.

Ba na cewa yaran nan ba sa ƙaunata. Sun fi mu ilimi, kuma ina jin sun fi mu tausayi. Mu a zamaninmu ba mu san sunan ciwo ba, tsohuwa ta ce tana son fita, sai aka hura wuta aka lanƙwasa ƙarfe. Su sun san sunan kowane ciwo da Turanci, sanin ne ya sa suke son rufe ƙofa su zauna a bakinta suna gadi. Da yamma a can, Hajiya na tuƙa tuwo, na tsinci kaina ina waiwayen hanyar da muka biyo, ko zan ga ƙurar wata mota. Mako mai zuwa ma za mu fita, kuma zan sake daɗewa a bakin kwalta.