Layin da Sukumaran Ya Ƙara

A ofishinsu na birnin Kochi a Indiya, Malalaci ake kiran Sukumaran, alhali shi ke riga kowa zuwa, da tsohuwar lemarsa da ƙunshin shinkafa da kifi a ganyen ayaba. Manhajar da ya rubuta ce malalaciyar. Komai girman fayil, ba ta karanta layi sai an buƙace shi, tana gamawa ta sake shi, kwamfuta ta share wurinsa. Yakan ce da tafin hannu ake shan kogi. A kanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har ya ƙi aikin Dubai, abin da matarsa Leela ba ta yafe ba har yau.

Sai aka kawo sabon manaja, Bijoy, wanda Sukumaran ya taɓa koya wa aiki. Yana kiransa Cetta, wato yaya, amma ladabin a baki ya tsaya.

"Cetta, ko manhajarka ta cinye fayil ɗin mitocin lantarkin nan a gaban masu kwangila, ko mu yi sallama da ita."

Da safiyar gwajin, son burgewa ya ja Sukumaran ya ƙara wa manhajar layi ɗaya: idan ta gama, ta koma farkon jerin bayanan ta nuna na farko. Shi fa, da ya koya wa rabin ofishin cewa ba a riƙe farkon jeri! Na farko na ɗaure da na biyu, na biyu da na uku. Muddin ana jiran na farkon, babu abin da zai sharu. Ƙwaƙwalwar kwamfutar ta yi ta cika, fankarta na ihu, can komai ya ƙame.

"Malalaciyar taka ta yi barci, Cetta," in ji Bijoy. Baƙin suka yi dariya suka miƙe.

Kafin shayinsa ya huce Sukumaran ya gano matsalar.

"Bijoy, layi ɗaya ne! Laifina ne, ba nata ba."

"Aikin gama ya gama. Ƙwaƙwalwa ta yi araha yanzu, wa ke tattalinta?"

Suka sayo ƙatuwar na'ura da manhajar da ke haɗiye fayil ɗungurungum. Ba su kore shi ba, da ma sun kore shin. Aikinsa yanzu, idan sabuwar ta shaƙe, ya kashe ya kunna.

Tasa kuwa ya goge mata layin tun ranar. Lokacin cin abinci yakan kunna ta a ƙaramar kwamfutarsa, ta cinye fayil ɗin tas, ko fanka ba ta motsi. Har yau ba wanda ya taɓa leƙowa.