Yadda Na Bi Dakta Zuwa Iskandariyya

Shekaru da dama na yi ina tuƙa wani likita ɗan Masar a Riyadh. Shi ne kafilina, da sunansa iƙamata take, wato takardar zamana a ƙasar. Kullum da safe nakan taso daga Manfuha, inda muke haya da wasu 'yan uwa Hausawa, in ɗauke shi a gidansa na Jaradiya in kai shi wurin aiki. Ba shi da yawan magana. Abin da yake so kawai in kashe rediyo, in kuma bi ta unguwar Dira ko da akwai cunkoso, don ya ga masu shaguna suna buɗewa.

Sai mantuwa ta fara kama shi. Da farko makullai ne da tabarau. Daga baya ya ajiye aiki, amma ya manta ya ajiye, don haka nakan zo kamar kullum, mu zaga gari mu dawo. Na san abin ya yi nisa ranar da 'yarsa ta zo daga Iskandariyya, garinsu can Masar. Ta sunkuya ta sumbaci hannunsa, shi kuwa ya juyo gare ni ya ce, "Wace ce wannan baƙuwar?" Ni kaɗai ne bai taɓa mantawa da ni ba.

Bayan 'yan kwanaki ta tare ni a bakin mota, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Ammu," wato kawu da Larabci, "za mu mai da Baba gida. Ka ga dai ba ya cin abinci sai kana wurin. Don Allah ka biyo mu. Takardu ni zan yi, akwai ɗakinka, ga teku kana gani ta taga."

Na ce ta ba ni lokaci. Abin da ban gaya mata ba, na riga na yi wa matata alkawarin in an yi Babbar Sallah zan dawo Kano gaba ɗaya.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. In na zauna cin abinci sai in ga na miƙe da kwano a hannu. In na sauke Dakta, maimakon in koma Manfuha sai in yi ta yawo da mota, in bi titi har ƙarshensa in juyo. A ɗaki 'yan uwa suka lura. Wani magini mutumin Maraɗi, wanda katifarsa ke kusa da tawa, ya ce, "Kai, a nan in ciwo ya kayar da kai mu za mu ɗaga ka. Can wa ka sani? Tsoho ne fa, ba ubanka ba."

Na kira matata na faɗa mata. Sai ta ce, "Malam, jiya autarka ta tambaye ni wai kai dogo ne ko gajere."

Washegari na ƙi fita da safe. Na yanke shawara zan je da rana in ba 'yar haƙuri. Da na isa Jaradiya bayan azahar, rana kamar za ta narka kwalta, sai na hango Dakta tsaye a ƙofar gida da farar rigarsa ta aiki, jaka a hannu, gumi ya jiƙa shi sharkaf. 'Yar na riƙe masa lema tana kuka. Tun safe yake nan, an yi an yi ya shiga ya ƙi. Yana ganina ya ɗaure fuska ya ce, "Ka makara." Ya buɗe mota da kansa ya shiga baya.

Muka zaga ta Dira. Kafin mu dawo barci ya ɗauke shi. Na ce da 'yar zan je, amma lokacin sanyi ɗaya kawai zan yi, sai su nemi wani. Ta amince da sauri.

Iskandariyya ba ta karɓe ni ba. Ni da na saba da busasshiyar iska, sai ga gari mai danshi, a shanya riga ta kwana ba ta bushe ba, ƙarfen taga duk tsatsa. Tekun da aka yi mini kwaɗayinsa ba ya yin shiru, yini yake yana dukan duwatsu har cikin kaina. Tuƙi ma babu, 'yar ce ke jan motarta. Aikina in ba Dakta abinci, in yi masa wanka, in tura shi a keke a bakin ruwa da la'asar. Masu sayar da kifi suna kirana ɗan Sudan, na gaji da gyara musu na bari. Nakan yi mako ban yi Hausa da kowa ba sai a waya.

An kawo masu jinya har biyu, duk ya kore su. Sanyin ya wuce, wani ya sake shigowa. Yanzu Dakta ba ya magana sosai, amma in na fita daga ɗaki yakan bi ƙofar da ido har sai na dawo. Matata ta daina tambayar yaushe.

Makon jiya na shiga wani ofishin masu sayar da tikitin jirgi na tambayi hanyar Kano. Matar wurin ta duba ta ce akwai wuri, in kawo fasfo. Fasfon yana aljihuna. Na ce mata zan dawo, na fito na kama hanyar gida da sauri, don lokacin maganinsa ya yi.