Laifin Ba na Kwamfuta Ba Ne

Akwai farin alli a ƙarƙashin farcenta, ina jin malamar lakol ce, wato makarantar boko. Tana tsaye a shagon mai gyara a Gidan Rumji, rungume da kwamfuta cikin zane. Wai wifi yana yankewa duk sanda ta zauna karatun jarrabawa.

Mai gyaran ya gwada. "Malama, lafiyarta ƙalau. Daga ina kike jawo rezon intanet a gida?"

"Daga wayar maigida."

"To in ya yanke, wayar tana hannun wa?"

Ina ganin malamar ta daɗe da sanin amsar, wayar tana hannun maigidan ne, ta zo ne da fatan a ɗora wa injin laifi. Ta naɗe kwamfutar, ta tsallaka titi, ta sayi kayan miyar dare.