Tukwanen Baba Badamasi a Rafin Basirka

Da an idar da sallar asuba, Baba Badamasi yakan ɗauki bokitinsa ya gangara rafin da ke bayan Basirka. Masunci ne, amma da rani ba kamu yake zuwa yi ba. Rafin kan tsinke ya bar 'yan kududdufai, shi kuma sai ya bi su yana tsamo ƙananan ƙurungu, kifin nan mai gashin baki da ƙaya a gadon baya, ya kai su gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa.

Ƙurungu ba ya son haske. Da rana ƙarƙashin dutse yake laɓewa, sai duhu ya yi ya fito kiwo. Gurbin kuwa yashi ne zalla. Shi ya sa Baba yake bi gida-gida yana roƙon fasassun tukwane, ya kifa su cikin ruwa su zama ɗakunan kifi. Hapsatu mai ƙosai takan tsokane shi: "Baba, yaushe za mu kai wa amaren naka gado?" Sai ya ce, "Ke dai miƙo tukunyar, 'yar nan."

Bana aka samu matsala. Masu noman rani suka yi gayyar yashe gurbin, da kyakkyawar niyya. Da suka ga tukwane sai suka ɗauka shara ce, suka kwashe su kaf suka farfasa. Zalɓe ya samu kifi a fili, ya yi musu mummunar ɓarna. Na iske Baba tsugune a bakin ruwa yana lalube da hannu.

"Malam, saura kaɗan," ya ce mini. "In waɗannan suka ƙare kafin damina, wa zai yi ƙwai?"

Ga kuma yanar ido ta kama shi. Ranar Litinin za a kwantar da shi a asibitin Birnin Kudu, gurbin ya zauna babu mai leƙa shi.

Baba, kai ne ka sa har yau ake cin miyar ƙurungu a garin nan, ba ka taɓa neman a gode maka ba. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya maido maka da ganinka.

Jama'a, mai tsohuwar tukunya kada ya jefar, ya kai ta gurbin. Jiya Hapsatu ta duba gidanta ba ta samu fasasshiya ba, sai ta ɗauki lafiyayyen tulunta ta fasa masa baki, ta kai shi gurbin da kanta. Tulun nan kaɗai ne a cikin ruwan yanzu, damina kuwa da sauran nisa.