Alonzo Mabry da Gawar da Ta Yi Atishawa

Har gobe in ka shiga shagon aski a Titin Central na Los Angeles, ba za ka rasa wanda zai rantse maka cewa tsoro ya taɓa mayar da Alonzo Mabry Bature ba. Wai fatalwa ce ta dafa masa kafaɗa a wurin ɗaukar fim, nan take ya yi fari fat tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ya kwana bakwai a haka. Wai a kwanakin nan ya shiga babban otal ta ƙofar gaba, aka ja masa kujera ana ranka ya daɗe, sai da yana tsakiyar shan miya baƙinsa ya dawo, ya faro daga kunnuwa, aka fitar da shi ta ƙofar kicin da cokali a hannu.

Ƙarya ce tsagwaronta. Na fi kowa sani, don ni na ƙirƙire ta. Garin fulawa ne kawai, kuma da sabulun wanki ya fita. Alonzo ɗan yayar babana ne, taubashina, tun muna yara nake yi masa irin wannan hidima.

Mutumin da duk gari ya sani da tsoron gawa, gyaran gawa ne sana'arsa. Shekara ashirin da biyu ya yi a gidan jana'izar Mista Tillman. A gefen teburin wanka yake cin burodin masararsa da rana, yana hira da mai teburin: "Ɗan ɗaga haɓa, Baba, mu ɗaura maka wuya. Yauwa, ka fi ranar aurenka kyau." In zafi ya tsananta, cikin sabon akwati yake shiga ya yi ƙailula, ya ce duk gidan babu inda ya fi shi sanyi.

Amma abin alfaharinsa shi ne tafiya gaban akwati. Doguwar hula baƙa, farar safar hannu da matarsa Odessa take dafawa ta goge kowace Asabar, ga tsawo kamar falwaya. Ya ɗaga ƙafa, ya sauke, ya tsaya. Ya sake ɗagawa. Daga gaban coci zuwa ƙofa sai ya ci lokacin da wani zai ci kaza guda ya suɗe ƙashi. Yakan ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana goge daɓen wasu ana kiransa yaro, ranar fitarsa ta ƙarshe dai ba za a yi masa gaggawa ba. Tsofaffin mata kan bar wasiyya: in ba Mabry ne a gaba ba, a bar su a gado. Wannan tafiyar ita ce duk abin da ya mallaka, shi ma ya sani.

A 1941 wani ƙaramin kamfanin fim ya yi hayar akwatuna uku. Irin fim ɗin nan ne na tsohon gida a kan tudu, magada sun taru jin wasiyya, ga wawaye biyu, ga fatalwar zanin gado tana yawo a kan waya. Alonzo ya kai akwatunan da kansa. Daraktan, wani gajere mai sigari kamar taɓarya, ya dube shi sama da ƙasa ya ce suna neman baran gidan, dogo mai kwarjini.

A nan taubashina ya yi kuskuren da ba wanda zai yi sai shi. Ya ɗauka labarin tafiyarsa ne ya kai kunnen Turawa. Washegari ya je da safar hannunsa ta kansa. Ranar farko kuwa aka ba shi kyandir ya shige gaban baƙi, ya yi musu tafiyar nan tasa, ya dawo gida yana ce wa Odessa duniya za ta ga yadda ake girmama mutum.

Rana ta biyu aka tsayar da shi gaban akwati.

"Kai yaro, buɗe idon nan," in ji daraktan.

Shekarar Alonzo arba'in da shida, da furfura a gemu.

"A buɗe suke, yallaɓai."

"Ƙara! Gwiwoyi su kaɗa! Kai ba ka taɓa jin tsoron gawa ba ne?"

"Ban taɓa ba, yallaɓai. Ba su taɓa yi mini komai ba."

Masu fitilu suka bushe da dariya, suna zaton wasa yake. Wani a matsayinsa da sai ya yi abin sama-sama ya wuce. Alonzo bai iya rabin aiki ba. Ya tuno fuskokin waɗanda yake shigarwa ɗakin baya su duba nasu, yadda baki ke sakewa, yadda ido ke fitowa, ya ɗauko ya ɗora wa tasa fuskar. Aka yi atishawa daga cikin akwatin, ya ƙwala ihu, "Maigida, gawar nan ta yi atishawa!" ya ruga ya faɗa gangar fulawa. Sau goma sha ɗaya aka maimaita, kowanne ya fi na baya kyau.

Ranar da fim ya iso silimar unguwa, wasan Asabar da rana, ya gayyaci rabin coci, har da matar fasto. Tafiyar tasa an datse ta saura ƙiftawa uku, an kuma ƙara mata gudu, sai ga shi yana tafe kamar agwagwa ta taka garwashi. Sannan atishawar. Idanunsa suka cika allon, kowanne ya kai farantin abinci. Ɗakin ya tashi da dariya. Ni kam sai da na zame tsakanin kujeru, wata mata ta taka mini hula. Odessa ta zuba wa jakarta ido har aka kunna fitila.

Daga ranar mura ta kama gari. Mai sayar da kifi atishawa, direban bas atishawa, mata a bakin shagon kitso su haɗa baki su yi ta tare. Alonzo ya ɗaga musu hula ya wuce. Ya ce wa Odessa titi daban, coci daban, babu mahaluƙin da zai yi wasa a gaban akwati.

Bayan mako uku Uwa Eula Fontenot ta rasu tana da shekara casa'in, ita ma da sunansa ta bar wasiyya. Coci ya cika maƙil, mafitai na kaɗawa, mai kiɗa ya sassauta. Alonzo ya ɗaga ƙafa, ya sauke, ya tsaya. A tsayawa ta uku, cikin shirun da ko faɗuwar allura za ka ji, wani ya yi atishawa. Ba zan faɗi sunansa ba. Wani kyakkyawan mutum ne a layi na huɗu, sanye da kwat ɗina.

Wata ƙatuwa cikin mawaƙa ta fara dariya, ta hanci. Ta harbi ta kusa da ita. Fasto ya cusa fuska cikin hankici kamar mai kuka, kafaɗunsa na tona masa asiri. Masu ɗauke da akwati su shida suka kama rawa, Uwa Eula ta karkata hagu, furanni suka zube. Alonzo bai waiwaya ba, bai ƙara sauri ba. Ya ɗaga ƙafa, ya sauke, ya tsaya, fuska a ɗaure, kuma wannan ɗaurewar ce ta ƙarasa kashe mutane. Har ƙofa ya kai a haka. A bakin mota 'yar marigayiyar ta riƙe hannun Mista Tillman tana kuka ta ce, "Uwata na kawo a binne, ba kallon silima na zo ba."

Ranar Litinin Tillman ya kira shi ofis.

"Mabry, ba laifinka ba ne, Allah ya sani. Amma mutane ba sa iya kallon fuskarka su yi kuka. Ajiye hular."

Aka ba surukin Tillman hular, wani mai tafiya kamar bas zai tsere masa. Alonzo ya koma ɗakin baya, wanda ƙofarsa ke kallon lungun shara, ya shekara goma sha tara a ciki. Masu fim sun sake bugo waya sau biyu, ya kife kan wayar. Da Odessa ta rasu shi ya gyara ta, ya sa mata safar hannun nan a hannu, amma surukin ne ya shige gaba, ya fitar da ita a guje kamar gobara ta tashi. Alonzo na baya cikin jama'a. Ranar ba wanda ya yi atishawa. Ni ma na riƙe tawa, da ƙyar.

Bana, ranar bikin godiyar shekara na Amurka, dangi suka taru gidan ƙanwata, ga talotalo, ga dankali mai zaƙi. Muna tsakiyar ci sai ga tsohon fim ɗin nan a talabijin. Allah ne ya kawo, ni murya kawai na ƙara. Idanun suka fito, jikoki suka kwanta a ƙasa don dariya.

Na ce, "Taubashi, miƙo barkonon nan mana, ko gawa za ta samu ta yi atishawa."

Ya ajiye cokali a hankali. Ya dube ni daga kai zuwa ƙafa, sannan daga kafaɗa zuwa kafaɗa, irin kallon da yake yi wa mutum in zai zaɓa masa akwati.

Ya ce, "Ci abincinka, Cleophus, ka rame, kwat ɗin da za a binne ka da shi ba zai zauna maka ba. Rabin waɗanda suka yi dariya a cocin nan sun riga sun zo teburina, ni na rufe musu ido ɗaya bayan ɗaya, da hannu mai taushi. Kai in ka zo, a buɗe zan bar naka. In ƙara buɗe su ma, a kai ka gaban jama'a a haka, mu ga ko za a sami mai yi maka kuka."