Sunan da Muka Je Birmingham Bayan Ƙuri'a

Muna sallame sallar asuba muka bar unguwar Moss Side a Manchester, mu uku a mota, za mu Birmingham sunan 'yar abokina likita. Ba a daɗe da ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ba, gari duk a tsarge. Matata sai da ta sa na cire hula na cusa a jaka, kamar mai shirin ratsa Kaduna washegarin zaɓe.

Hanya lafiya lau, rediyo ce ba lafiya. 'Yan siyasa sai jifan juna suke, kowa na cewa wancan ne ya yaudari talaka. Mun tsaya shan shayi mai tsadar tsiya, ruwa zalla. Wani Bature ya kafe mu da ido har muka tashi. Direbanmu ya ce kaftanina ne ya burge shi. Ni dai ban yarda ba, a tsaye na ƙarasa shayin.

A tsakiyar Birmingham 'yan sanda sun tare titi. Taro biyu da tutoci suna zagin juna, ga fasassun kwalabe a ƙasa. Muka zagaya ta lungu zuwa unguwar Edgbaston, gidan likita.

An raɗa wa jaririya suna Amira, an ci masa da naman rago, amma maijego ba ta leƙo ba. Ashe tana da tsohon ciki wasu samari suka fizge mata hijabi a tashar bas, suka ce an gama zaɓe, wai ta tattara ta koma ƙasarsu. Nan hira ta juya. Mu 'yan Najeriya an ba mu damar jefa ƙuri'a, to wa ya zaɓi a fita a cikinmu? Kowa ya rantse ba shi ba ne, ana satar kallon juna. Aka taru a kan wani akanta da ya riƙa tura saƙonnin goyon bayan fita kafin zaɓe. Da ya ji matsi sai ya nuna mai gida, abokina likita.

"A motarsa muka je jefa ƙuri'a. Shi ya ce in aka rufe wa 'yan Turai ƙofa, iyayenmu za su samu biza su zo mana wankan jego."

Maijego na bakin ƙofa, ta kawo kunu.

"Abban Amira, da gaske ne?"

Ya ce don mahaifiyarta ta zo ya yi.

"Ga shi Mama ba ta zo ba, ni kuma ko asibiti tsoron zuwa nake."

Ta ajiye kunun ta koma ciki. Wallahi likita ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi.

Muka kamo hanyar Manchester. Na tafi ina zargin duk Baturen da ya kalle ni, na dawo na san ƙuri'ar da ta tsare matar nan a ɗaki har da ta mijinta, kuma don yana sonta ya jefa.