Ƙasashe Uku a Gonar Mahaifinmu

Ni mutum ne mai zargi, ba sai an faɗa mini ba. Idan wani ya gaishe ni da fara'ar da ta fi ta jiya, sai in wuni ina neman abin da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa nake jin kunya duk lokacin da na tuna daminar da na fara wasan nan ni kaɗai. Alamu duk na gan su, ba wadda ta wuce ni, amma a baibai na karanta su.

A Maradi na koyi wasan, lokacin da aka tara mu malaman lakol, wato makarantar boko, don wani horo. Wani abokin aiki ne ya koya mana. Ba caca ba ce, ba kuɗi a ciki. Kowa zai ƙirƙiri mutum ɗaya a ransa, ya ba shi sana'a da hali, sai mutum guda ya zama mai ba da labari, yana faɗin inda aka shiga da abin da aka tarar. Idan mutuminka zai yi wani abu mai wuya, kamar tsallake rafi ko shawo kan ɗan fashi, sai ka jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita ke yanke ko ya ci nasara. Na ji daɗinsa ƙwarai. Da aka watse aka mayar da ni ƙauyen da nake koyarwa a wajen Agye, ban sami ko mutum ɗaya da zan iya kawo wa wannan magana ba tare da ya dube ni sau biyu ba.

Daga baya na gani a waya cewa ana yin sa mutum ɗaya. Ɗan ludon shi ke zama mai ba da labarin. Ka tambaya, ko akwai mutum a bakin rijiyar nan? Ka jefa. Huɗu zuwa shida, akwai. Ɗaya zuwa uku, babu. Sai ka rubuta abin da ya faru a kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lakol, ka ci gaba. Na sayi kaye sabo da bik, wato biro, kala biyu, na ce da babban hutu zan fara.

Hutun kuwa a gida nake yin sa, a ƙauyenmu kusa da Cadawa. Mahaifinmu ya rasu damina biyu kafin nan, ya bar mu mu uku: yayana, ni, da ƙanwarmu da ke aure a Gazawa. Ya bar gona ɗaya babba. Ba mu raba ta ba. Yaya ke noma ta, ni in aiko da taki, da kaka ya aiko mini da hatsi, ya aika wa ƙanwarmu. Gonakin maƙwabta duk an yayyanka su sun zama 'yan tsiri-tsiri, tamu ce ta saura a dunƙule, kuma abin da tsohon ya roƙe mu ke nan kafin ya cika. Muna alfahari da wannan, ko da yake ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba.

Abu na farko da wasan ke buƙata shi ne taswirar ƙasar da labarin zai gudana. Nan na gane kaina ba ya ƙirƙirar ƙasa. Duk wadda na zana sai ta fito kamar ƙwarya. Bayan na ɓata shafi huɗu, sai na ce me zai hana in ɗauki ƙasar da na fi sani a duniya in faɗaɗa ta? Babban gawon tsakiyar gonarmu ya zama birni, tsohuwar rijiyar da ta rufta ta zama tafki, kwarin da ruwa ke bi ya zama gulbi.

Da hantsi na shiga gonar da kaye da bik, na bi iyaka ina ƙirga taku don kada taswirar ta karkace. Yaya yana tsakiyar gero yana maimai. Ya dogara da hauyarsa yana kallona har na zagayo.

"Mi kake ƙirga haka?" in ji shi.

"Ba komai, Yaya. Wani ɗan aiki ne nawa."

Kunya ce ta hana ni faɗin gaskiya. Mutum yana zuba gumi tun asuba, ta yaya zan buɗe baki in ce masa wasa nake shiryawa? Yaya ya koma kan aikinsa.

A ranar na gama taswirar. Na raba ta ƙasashe uku masu gaba da juna. Ta gabas da ta yamma manya ne, kusan kai ɗaya. Ta kudu na yi ta ƙarama, kamar rabin kowacce, don wajen ya tsuke kuma rairayi ne. Na ja iyakokin da jan bik, na rubuta yawan takun kowane gefe. Duk wanda ya taɓa zama inda ake rabon gadon maza biyu da mace ɗaya ya san wannan siffa. Ni da nake koyar da lissafi ban gan ta ba.

Mutumina wani falke ne da aka sace wa raƙuma, yana bin sawunsu daga ƙasa zuwa ƙasa. Kullum bayan azahar sai in shige ɗakina in turo ƙofa, in shimfiɗa zane a kan tebur don kada a ji ƙarar ɗan ludo. Kwanakin farko sun yi daɗi. Falken ya kwana a gidan wata tsohuwa, na tambayi ɗan ludo ko amintacciya ce, ya ce a'a, na yi ta murna ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

A cikin kwanakin nan ne Yaya ya sake mini. Tun muna yara kwano ɗaya muke ci, sai ga shi in an kawo tuwo ya ce ya riga ya ci. Sau biyu na hango shi yana fitowa daga gidan mai gari. Wata rana na same shi bayan rumbu yana waya ƙasa-ƙasa, da ya gan ni ya kashe. Ranar kasuwar Cadawa ya tafi da sassafe sanye da rigarsa ta Juma'a, kuma bai dawo da ko ƙullin gishiri ba.

Kaina ya shiga aiki. Wa ke sa rigar Juma'a ya tafi kasuwa ya dawo hannu wofi? Sai wanda ya je buro, wato ofishin hukuma. Mai gari, buro, waya a ɓoye: na haɗa su na samu amsa, cewa Yaya yana neman a yi wa gonar takarda da sunansa shi kaɗai. Raina ya ɓaci matuƙa. Na fara sa masa ido. Na riƙa ɓoye kayen ƙarƙashin katifa, na sa tsinken tsintsiya a shafin taswira, da na dawo daga masallaci na tarar tsinken ya faɗo. Na ce to, har bincike ake yi mini a ɗaki.

Na kira ƙanwarmu don in bugi cikinta. Bayan gaisuwa na ce ko Yaya ya yi mata wata magana a kan gona, ko ta ji ya je buro? Sai ta ce, "Ni dai ba ruwana, ku manya ku kun sani." Ta kashe. Na ce shi ke nan, ita ma an saye ta.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya aiko kirana. Na tarar da shi a zaure shi da Yaya, kayena yana tsakiyar tabarma a buɗe.

"Zamna," in ji Baffa. Ya ɗora yatsa a kan jan layin. "Wanga naka, wanga na yayanka, wanga ƙaramin na 'yar uwarku. Rabon ya yi daidai, ko malami bai hi haka ba. Abin da ban gane ba, don mi za ka yi shi a ɓoye? In kana son a hidda maka naka, ai baki gare ka."

Sai a lokacin na dubi taswirar da idon wani.

"Baffa, wallahi ba rabo ba ne. Wasa ne."

"Wasa?"

Na zaro ɗan ludo daga aljihu, na shiga bayani. Na ce wannan birni ne, wannan gulbi ne, akwai falke, an sace masa raƙuma. Don su gani da idonsu na ce bari mu tambaya ko falken zai ƙetare gulbi. Na jefa, ya gangara ya shige cikin takalmin Baffa. Tsohon ya zazzage shi, ya ɗaga shi yana dubawa.

"Kai da ɗiya ukku," in ji shi, "mai koya ma ɗiyan mutane karatu, kai ne ka rufe ɗaki kana hira da abin ga?"

Ya buɗe sauran shafukan ya sa na karanta masa. Da na kai wajen tsohuwar da ba amintacciya ba, dariya ta ƙwace masa har yana share ido. Ya yarda, don ya ce ba mai hankalin da zai ƙirƙiri ƙarya irin wannan ya kare kansa da ita.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce gidan mai gari ya je ne neman shawara, yadda zai hana ni ba tare da an yi rigima ba. Cadawa kuwa wajen wani malami ya je ya tambaya, ko wasiyyar tsohon na iya tsayar da rabo. Sannan ya dube ni.

"Na yarda wasa ne. Amma mi ya sa ka tambayi ƙanwarmu ko na tahi buro?"

Ba yadda zan yi, na faɗa masa abin da na zarge shi da shi. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa farashin da ya riga ya sani.

"To, ni na zarge ka, kai ka zarge ni, mun yi kunnen doki. Tambaya guda ta rage. Tsakaninka da Allah, ba ka taɓa son a hidda maka naka ba?"

A'a ce amsar, kuma tana bakina. Amma sai na tuna safiyar da nake ƙirga taku. Da na iso gefen gabas na ga yadda geron ya yi baƙi ya yi kauri, wani tunani ya gilma mini, cewa in da za a raba, nan zan so. Bai daɗe ba, ko numfashi biyu bai kai ba, na kore shi na ci gaba da ƙirga. Shirun da na yi a zauren ma bai fi haka ba. Na ce, "A'a, Yaya." Baffa ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma.

"To madalla," in ji Yaya. Ya juya ga Baffa. "In an gama yankan hatsi, a kira malami da shaidu. Gara a yi ta muna shiri."

Na roƙe shi, Baffa ya roƙe shi. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sauya ba. Da kaka aka raba gonar mu uku, ba wanda ya yi wa wani baƙar magana.

Ranar da zan koma bakin aiki ya raka ni bakin titi, ya ɗora mini buhun hatsi a mota da hannunsa, ya ja igiya ya tabbatar ta ɗauru. Tun ina rarrafe akwai sunan da yake kirana da shi, na tsokana, wanda ba mai kirana da shi sai shi. Na leƙo ta taga ina jira in ji shi. Ya ɗaga hannu ya kira ni yadda iyayen yara ke kiran malamin lakol da Faransanci.

"Allah shi kiyaye hanya, Mushe."